Sake Amfani da Kaya da Haƙƙin Ƙananan Hukumomi: Darasin Abare



A yau muna so mu yi magana a kan wani sabon salo na tattalin arziki da duniya ke yayi, watau tsarin da ba a yar da kaya don an gama da shi, sai a gyara shi ko a narke shi a sake amfani da shi. To, mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni manomi ke kwashe juji da toka ya kai gona a jaki. Da gwangwani ake ƙera aci-balbal, tsohuwar taya a yanka takalmi, 'yan gwangwan kuwa su tara ƙarafa a narke. Abin tambaya shi ne, wa zai gaya wa talaka kayan da ya dace a sake amfani da shi, da wanda zai halaka shi? Amsar tana Abare, a Ƙaramar Hukumar Anka.

A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka bincika, sai aka gane gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, mutane suka duƙufa haƙa, dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. A cikin gida ake farfasa shi, a daka a turmi, a niƙa da injin irin wanda ake niƙa hatsi da shi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu.

Jama'a, ku lura da kyau. Ɗabi'ar nan tamu ta rashin almubazzaranci, wadda ta sa turmi ɗaya da inji ɗaya ke aiki biyu, ita ce ta taimaka wa guba shiga gida. Ba laifin iyayen yaran ba ne, domin dalma ba ta da wari, ido kuma ba ya bambance ƙurarta da ƙasa.

Da aka zo gyara, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. An fara da Dareta da 'Yargalma a 2010, sannan Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru, aka kammala su a 2011. Bagega kuwa sai da ta jira har 2013, domin kuɗin Gwamnatin Tarayya bai fito da wuri ba. Na'urorin awo da ƙwararru daga waje suka zo. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja.

Ina ƙaramar hukuma a cikin wannan al'amari? Tun gyaran 1976 aka mai da ita mataki na uku na mulki, Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ɗora mata kwashe shara. Amma ma'adinai a hannun Tarayya suke, kuɗinta kuwa ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ta kai tsaye. Ke nan ita ce mafi kusa da tsakar gidan talaka, ita ce kuma mafi ƙarancin ƙarfi. Ko da kuɗin ya isa hannunta, ba za ta iya riƙe ɗakin awo da masana ita kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka muna ba gwamnatin jiha shawara uku. Ta farko, ta sayi na'urorin awon ƙasa, ta horar da duba-gari, ƙananan hukumomi maƙwabta irin su Anka da Bukkuyum da Gummi su riƙa amfani da su tare. Kada a kai juji gona ko a buga tubali da ƙasar yankin haƙa sai an auna. Ta biyu, kowace ƙaramar hukuma ta keɓe fili nesa da gidaje da rijiyoyi don niƙan dutse, a niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta, buhu da turmi da injin wurin kuma kada su koma ga abinci har abada. Ta uku, jiha ta ware tallafi ga hukumar da ta raba shara gida biyu: mai amfani a mai da ita taki ko a sayar wa masu narkewa, mai guba, kamar tsohon batirin mota wanda shi ma dalma ce a cikinsa, a tsare ta. A riƙa karanta lissafin tallafin a bainar jama'a, gaban hakimai da dagatai.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin nan, wasunmu ma sun riga sun zauna. Takardar neman kuɗi da ta kwana wata shida a kan tebur, a ƙauye ran yaro ce. Kada mu ƙi aiki a ƙaramar hukuma don babu lantarki, kada kuma mu raina sana'ar mai haƙa da ɗan gwangwan, domin abincinsu suke nema. Namu shi ne mu kai musu sani tun kafin ɓarna, gama rigakafi ya fi magani.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba mu ikon riƙe amana.