Rumbu Daban, Rumfa Daban: Jawabi Kan Ajiyar Hotunanmu



 An ɗora mana nauyin mu ce wani abu game da hotunan da ke cikin wayoyinmu: ina ya kamata mu ajiye su, kuma yaya za mu kare su daga masu kwafa. To, kun dai san mu ba 'yan boko ba ne, Islamiyya muka yi sai kasuwa. Abin da za mu faɗa asara ce ta koya mana shi, sai kuma abin da muka zauna da yaranmu muka bincika.

Jama'a, tun da Umaru Nagwamatse ya kafa garin nan na Kontagora yake mahaɗar matafiya. Ga hanyar Yawuri, ga ta Zuru, ga ta Tegina, ga ta Mokwa. Iyayenmu fatauci ya kawo su daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara, wasu ma daga Maraɗi. Saboda haka kowane gida a cikinmu rabinsa na nan, rabinsa na can, kuma hoto na cikin abin da ke riƙe mana zumunci. A da sai ranar Salla a je wurin mai hoto, a jira kwanaki a wanko, a sa a ambulan a ba direba ya kai gida. Yau kuwa kafin a shafa fatihar suna hoton jariri ya isa Katsina. Sauƙi ya samu, amma ya zo da nasa ciwon kai.

Abu biyu suka same mu a gidanmu. Na farko, an zare mana waya a tasha ranar wata tafiya. Ba kuɗin wayar ya dame mu ba. A cikinta akwai hotunan mahaifinmu na ƙarshe kafin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Da muka sayi sabuwa aka ce mu kawo imel da lambar sirri. Ashe yaron da ya buɗe mana a shagon caji shi ya zaɓi lambar, shi ma ya manta. Shi ke nan, har yau.

Na biyu ya fi ciwo. Mun ɗauki hoton buhunan wake a ƙofar shago, da allon sunanmu a sama, muka watsa a zaurukan WhatsApp na 'yan hatsi. Bayan 'yan makonni sai ga wani bawan Allah daga Ibadan yana neman kayansa. Wane kaya? Ya nuna mana hotonmu, shagonmu, sunanmu, amma lambar waya da asusun banki na wani ne. Ya tura wa ɓarawon kafin alƙalami. Sai da dattawan kasuwa suka shiga kafin ya yarda ba mu da hannu. Shi ya yi asarar kuɗi, mu kuma saura kaɗan mu yi asarar sunan da muka shekara 30 muna ginawa.

Daga nan muka gane cewa mun haɗa abu biyu da bai kamata a haɗa ba. Manomi yana da rumbu, ɗan kasuwa yana da rumfa. Abin da ke rumbu ajiya ne, a rufe yake. Abin da ke rumfa kuwa an baje shi ne don a gani, kowa zai kai hannu. Hoto ma haka yake.

Mu fara da rumbu. WhatsApp da Facebook ba rumbu ba ne, rumfa ce. Suna matse hoto su rage masa kyau, kuma ranar da aka sace lambarka ko aka rufe shafinka, ka rabu da kayan. Rumbun intanet shi ne irin su Google Photos ga yawancinmu masu Android, da iCloud ga masu iPhone. Kafin ka zaɓi kowanne, yi masa tambayoyin da za ka yi wa mai sito kafin ka ba shi kayanka.

Tambaya ta farko: nawa zai ɗauka kyauta? Google yana ba da gigabait 15, amma da saƙonnin imel ɗinka da sauran takardu ake raba wannan wurin, kuma tun 2024 har ajiyar WhatsApp ta masu Android a ciki ake lissafa ta. Apple gigabait 5 yake bayarwa. In hoto ɗaya ya kai megabait 3, gigabait 15 zai ɗauki wajen hoto 5,000. Bidiyo ne mai cinye wuri. In ya cika, ko ka rage kaya ko ka biya duk wata.

Ta biyu: sharaɗin nan zai ɗore? Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Google ɗin nan da can yana karɓar hotuna kyauta ba iyaka, ya daina daga 1 ga Yuni 2021. Wani kamfani mai suna Flickr a 2019 ya taƙaita wa masu ajiyar kyauta hoto 1,000 kacal. Wani kuma, Photobucket, a 2017 ya wayi gari ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da bayyana a wasu shafuka sai ya biya kusan dala 400 a shekara. Sa'an nan tun Disamba 2023 Google ya ce yana iya goge asusun da aka shekara 2 ba a shiga ba. Waɗannan manyan kamfanoni ne na Amurka, amma kun ji yadda suke sauya magana. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ta uku: in ka tashi, za ka iya kwashe kayanka gaba ɗaya, da kyansu na asali? Wurin da shiga ke da sauƙi amma fita ke da wuya, a guje shi.

Ta huɗu, wadda ta fi duka: makulli yana hannun wa? Kada ka bari wani ya buɗe maka imel ya tafi da lambar sirri a kansa. Ka zauna a buɗe a gabanka, ka rubuta imel da lambar a littafi, ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. Lambar wayar da ka haɗa da asusun, kada ka bari ta mutu, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan janye ya sayar wa wani. Kuma yadda muke barin wasiyya kan bashi da dukiya, a sanar da babban ɗa ko wani amintacce inda littafin yake. Google da Apple duka sun tanadi hanyar da mutum zai ambaci wanda za a ba ajiyarsa bayan ba ya nan.

Duk da haka kada a dogara da wuri ɗaya. Mu yanzu uku muke yi: ɗaya a waya, ɗaya a intanet, ɗaya a filash cikin akwati. Waɗanda suka fi daraja kuma mukan kai a wanko su a kati. Tsofaffin hotunan iyaye da ke ƙasan adaka, waɗanda gara da laimar damina ke ci, a fito da su a ɗauke su da waya cikin haske mai kyau, a rubuta sunan kowa tun masu gane fuskokin suna raye.

To, sai rumfa. A nan za mu faɗa muku gaskiya ko da ba daɗi: duk hoton da ido zai gani a waya, ana iya kwafarsa. WhatsApp yana da hoton da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, har ya hana a ɗauki hoton fuskar wayar. Amma wa zai hana mutum ya ɗauko wata wayar ya ɗauka? Don haka ba maganar hana sata ɗungurungum muke ba, maganar a sa kayan satar su ƙi sayuwa ne.

Mun san yadda muke yi wa buhu alama da fenti kafin a loda a tirela. Haka za a yi wa hoto. A rubuta suna da lambar waya a kansa, a tsakiya, bisa kayan, ba a gefe ba inda za a yanke. Amma da yake yanzu akwai manhajojin da ke goge irin wannan rubutu, ga dabarar da ta fi: rubuta sunanka da lambarka da kwanan wata a kwali, ka jingina a jikin buhun ko ka sa yaro ya riƙe kusa da san, sa'an nan ka ɗauka. Kada ka watsa hoto mai cikakken kyau, na asali ya zauna a rumbu, shi ne shaidarka ranar gardama. Abokan cinikinka na Ikko da Ibadan da Onica kuwa ka gaya musu asusunka ɗaya ne, kuma kada su tura ko kwabo sai kun yi kiran bidiyo sun ga kaya ido da ido. In kai ne mai saye, akwai Google Lens: ka sa masa hoto ya nuna maka wasu wuraren da ya bayyana a intanet.

Yanzu maganar iyali, iyayenmu mata a saurara. Hoton amarya da na 'yan mata da na cikin gida amana ne. An ce magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta. Kafin ka sa hoton wani a zaure mai mutum 200, nemi izininsa. A shiga saitin WhatsApp a taƙaita masu ganin hoton fuska zuwa waɗanda ke cikin lambobinka, domin da shi 'yan damfara ke buɗe sabon layi su roƙi dangi kuɗi da sunanka. A kunna lambar tsaro ta biyu, kuma lambobi 6 da ke shigowa ta saƙo kada a karanta wa kowa, ko ya ce daga ƙungiya yake. In za a kai waya gyara, a cire memori, a kwashe abin da ba a so a gani. A kuma kashe alamar wuri a kyamara, don hoto kan ɗauki bayanin inda aka ɗauke shi.

Doka ma ba ta bar mu haka ba. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kare hoto, ta kuma ba mai shi damar neman a sauke shi daga intanet. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ta haramta yin sojan gona da sunan wani, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. In abu ya faru, kada a goge komai. A adana saƙonni da lambar waya da lambar asusun, a kai rahoto ga banki da 'yan sanda da wuri, a kuma sanar da shugabannin kasuwa.

A ƙarshe muna roƙon ƙungiya abu biyu. A ware rana guda a wata, samarinmu masu ilmin waya su zauna da dattawa a gyara musu imel da makullansu a gabansu. Sa'an nan a tattara hotunan iyayenmu da suka fara zama garin nan, a yi musu ajiya biyu a hannun amintattu biyu, don jikokinmu su san fuskokin waɗanda suka share musu wuri.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah ya tsare mana mutuncinmu da dukiyarmu, ya ja zamanin Sarkin Sudan, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.