Wutar da ke lalacewa bisa rufin gidajenmu

 

Da gidanmu zan fara. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke muna wuta bayan takunkumin CEDEAO, babanmu ya saida raguna biyu, ya cika da kuɗin da yayana ya aiko, aka ɗora pano huɗu bisa rufi, kowane wat 300, da batir biyu. In rana ta yi kyau suna ba da kamar kilowat-awa 5 a wuni. Batirin kuwa bai riƙe fiye da 2 ba. Kafin azahar ya cika, na'urar ta tsaida caji. Daga nan har la'asar rana na dukan pano a banza, in ban da fanka guda da ke juyawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata uwa da ke ciyar da yara biyar da saida ƙanƙara da lemun zoɓo. Firigonta shiru, kayanta na lalacewa, mu kuwa wuta ta yi muna yawa.

Abin ya dame ni, na kira yaron da ya yi muna aikin. Ya ce mai sauƙi ne, sai ya haɗa wayar sola da wayar da ta shigo gida daga falwaya, rarar ta bi layi. Saura kaɗan in yarda. Wani tsohon ma'aikacin lantarki na unguwarmu ne ya ce mini: "Ɗana, in an ɗauke wuta, wanda ya hau falwaya yana gyara ya ɗauka layin matacce ne. Wutar gidanka za ta bi waya ta same shi a can." Tun ranar na fahimci cewa wannan magana ta fi ƙarfin gida ɗaya.

Kun san inda muke. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa: layi ɗaya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani daga Katsina ta Gazawa zuwa Maradi da Damagaram. Sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Muna da tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 tun 2023, muna kuma jiran madatsar Kandaji. Duk da haka mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a ƙasar nan. Kuma ƙasar Farfesa Abdu Mumuni ce, wanda ya jagoranci ONERSOL yana binciken makamashin rana tun kafin a haifi da yawanmu.

To, yaya ake haɗa solar gida da babban layi ba tare da an kashe kowa ba? Abu uku ne. Na farko, na'urar da ke juya wutar pano ta zama irin ta gida dole ta iya bin takun layin, ƙarfi ɗaya da bugu ɗaya, bugu 50 a daƙiƙa, kuma ta katse kanta nan take in layin ya mutu. Na biyu, kontar mai ƙirga shiga da fita. Kontar na kati da yawa ba su san wannan ba. Akwai ma waɗanda in ka tura wuta waje sai su ƙirga ta kamar sha ka yi, su ci maka kuɗi. Na uku, a san iyakar abin da taransifoman unguwa ke iya ɗauka, don in gidaje da yawa suka turo wuta da tsakar rana ƙarfinta na hawa, ta ƙona kayan maƙwabta.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A Tunusiya tun 2010 kamfanin STEG ke karɓar rarar wutar rufin gidaje yana ragewa daga faktir ɗin mai gida. Pakistan ta fito da nata tsarin a 2015, mutane suka rungume shi da yawa, har aka shiga gardama kan farashin da ake sayen rarar.

Gardamar nan tasu ta shafe mu, don haka bari in faɗi abin da ba ya da daɗin ji. Wa ke iya sayen pano da batir? Ba mai tura ruwa ba, ba uwar nan mai ƙanƙara ba. In masu hali suka cika rufinsu da sola, suka daina biyan komai, kuma suna komawa kan layi da dare, kuɗin gyaran waya da falwaya zai dawo wuyan talaka. Na biyu, a unguwar da ake yawan ɗauke wuta, rarar ba ta da inda za ta bi sai lokacin da layi ke raye. Da a ce muna da wannan tsari a 2023, ba zai tada firigon maƙwabciyarmu a ranar da aka yanke ba. Amfaninsa shi ne, duk kilowat da rufinmu ya zuba da rana, gazuwal ne da ba a ƙona ba, kuma wata unguwa ce da ba sai an yanke mata ba don a ba wata.

Shi ya sa abin da muke nema ke da iyaka. Muna da dokar lantarki ta 2016, muna da hukumar ARSE da ke sa ido kan sha'anin makamashi, muna da NIGELEC mai layi. Muna son su zauna su fito da ƙa'ida ɗaya a rubuce, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu: wa ke da izinin haɗawa, wace na'ura aka amince da ita, nawa ake rage wa mutum a faktir, kwana nawa zai jira amsa. Muna son a fara gwaji da rufin jama'a, wato lakkwal, gidajen likita da kasuwanni. Lakkwal ba kowa cikinta Asabar da Lahadi da duk babban hutu, wutar rufinta ta unguwa ce. Muna son a horar da yaran da ke wannan sana'a a ba su takardar shaida, don su ne ke hawa rufinmu ko an so ko an ƙi. Kuma wanda ya tura wuta ya ci gaba da biyan wani abu na kula da layi.

Mu ma da namu aikin. Kada wanda ya bari a haɗa mishi sola da wayar falwaya a ɓoye, ko da an ce kyauta ne. A sa abin sauya layi, gida ya kasance kan ɗaya, ko sola ko layi. Sannan kowane kwamitin unguwa ya ɗauki littafi ya bi gida gida: pano nawa, wat nawa, ƙarfe nawa batir ke cika. Suna ba dole ba ne, lamba muke so. Nan da wata ɗaya mu haɗa na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, mu kai wa hukuma da hannunmu.

Maƙwabciyarmu, a ƙarshe waya daban muka ja mata daga na'urarmu zuwa firigonta kaɗai, ba ta taɓa layi ba, daga hantsi zuwa la'asar. Gida ɗaya ke nan. Littattafan ƙirga suna wajen ƙofa, wakilin kowace unguwa ya ɗauki ɗaya kafin ya fita.