Hali da Wurin Zama: Hirar Yaƙi da Jahilci daga Arlit

 

Hirarmu ta yau daga Arlit take zuwa muku, cikin jahar Agadas, kuma a kan hali za mu yi ta. Akwai karin magana guda biyu waɗanda kowa a cikinku ya sani. Na farko, hali zanen dutse. Na biyu, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In kun lura da kyau, za ku ga ba su jitu da juna ba. Na farko ya ce abin da mutum yake da shi a ciki ba ya canzawa. Na biyu kuwa ya ce waɗanda kake zaune da su suna shafa maka nasu, ko ka so ko ka ƙi. To, masana ilimin halayyar ɗan Adam sun yi fiye da shekara tamanin suna wannan gardama, kuma abin da suka gano yana da amfani gare mu, musamman mu mutanen garuruwan uraniyom.

Dalili kuwa, Arlit gari ne na baƙi. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka soma gina garin a 1969, aka fara fid da uraniyom a 1971. Sa'an nan aka kafa COMINAK a 1974, ta soma aiki a ramin Akuta a 1978, garin Akokan ya tashi kusa da ita. Tsofaffin garin nan, in ka tambaye su, kusan kowa zai gaya maka inda ya fito: wannan manomi ne daga Tawa ko Maraɗi, wannan makiyayi ne daga duwatsun Azbin, wancan Bazabarme ne daga bakin kogi, wancan daga Damagaram, ga kuma mutanen Binin da Togo da Faransawa. Mutumin da ya saba duban rana ya san lokaci, sai ga shi yana duban agogo, yana shiga rami mai zurfin kimanin mita 250 da tsakar dare. Shin halinsa ya zo da shi, ko kuwa a nan ya same shi?

Mu fara da abin da ke cikin mutum. A 1936 wasu masana biyu na Amurka, Gordon Allport da Henry Odbert, suka ɗauki babban ƙamus na Turanci suka tsince duk kalmomin da ake siffanta mutum da su, suka sami kusan 18,000. Waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tacewa, suna haɗa masu kama da juna, har yau galibin masana sun tsaya a kan manyan sassa biyar. Akwai son sabon abu da bincike. Akwai tsari da cika aiki. Akwai son shiga jama'a da sakin jiki. Akwai sauƙin kai da tausayi. Akwai kuma saurin damuwa da tashin hankali. Kowane mutum yana da rabonsa cikin kowane sashe, wani da yawa, wani kaɗan, kuma in an gwada babban mutum bana, aka sake gwada shi bayan shekaru, yawanci ana tarad da shi kusa da inda aka bar shi. Ke nan mai cewa zanen dutse bai yi ƙarya ba. Ko da yake an ga zanen yana ɗan gogewa: mutane da yawa suna ƙara natsuwa da riƙon aiki yayin da suke manyanta.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen wannan lissafi. Wani Bature ɗan Ingila, Anthony Kirk-Greene, wanda ya daɗe a arewacin Nijeriya, ya wallafa bincike a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya ƙirga abu goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba fa, yawancin waɗannan ba a ganinsu sai mutum yana tare da wasu. Wa zai san kana da kunya in kai kaɗai ne cikin Tenere?

Wannan ya kawo mu ga rabi na biyu. A waccan shekara ta 1936, wani masani Bajamushe mai suna Kurt Lewin, wanda ya yi hijira zuwa Amurka, ya ce abin da mutum ke aikatawa yana fitowa daga abu biyu a haɗe, watau shi kansa mutumin da kuma halin da yake ciki. Kun ji ma yadda harshenmu ya riga shi: kalma ɗaya muke da ita, hali, ga ɗabi'ar mutum da kuma yanayin da ya sami kansa.

Domin ku ga ƙarfin jama'a a kan mutum, ga gwajin da Solomon Asch ya yi a Amurka a 1951. Yakan tara samari bakwai ko takwas a ɗaki, ya nuna musu kati mai zane ɗaya, da wani kati mai zane uku, ya ce kowa ya faɗi wane ne cikin ukun ya yi daidai da na farko a tsawo. Abu ne mai sauƙi, yaro ma zai gane. Amma duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su, ban da mutum ɗaya, kuma an zaunar da shi kusa da ƙarshe. Sai su riƙa faɗin amsar da ba daidai ba, ɗaya bayan ɗaya, da murya mai ƙarfi. Cikin kowane mutum huɗu da aka gwada, kimanin uku sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Amma ga abin da nake so ku riƙe: in aka sa mutum ɗaya tak cikin ɗakin ya faɗi gaskiya, sai bin jama'ar ya ragu ƙwarai. Ku ma'aikata kun san wannan a wurin aiki. In manyan ƙungiyarku sun ajiye hular kwano da abin rufe hanci saboda zafi, sabon yaro ma zai ajiye nasa, ko da an gaya masa illar ƙura, don kada a ce masa matsoraci. In dattijo ɗaya ya ɗaura nasa bai kula da dariya ba, yaron zai sami wanda zai tsaya bayansa.

Yanzu bari in ba ku labarin kuskuren da ni kaina na yi. Ranar 31 ga watan Maris 2021 aka rufe ramin COMINAK, bayan fiye da shekara arba'in ana aiki, domin ma'adinin ya ƙare. Kimanin ma'aikata 600 na kamfanin suka bar aiki, ban da ɗaruruwan masu aikin kwangila. Bayan haka muka buɗe ajin yamma a Akokan, muna cewa ga mutane sun sami lokaci, aji zai cika. Cikin waɗanda suka rubuta suna akwai wani dattijo, tsaran mahaifina, wanda ya yi shekaru masu yawa yana aikin kwangila a wajen ramin. Ya zo sau biyu, ya yi fashi sau uku, ya zo a makare, sa'an nan ya ɓace. Kullum kuwa in na wuce ina ganinsa zaune a gindin bango, ba ya komi. Matarsa tana ajin mata, tana tuya da safe, tana zuwa kasuwa, amma ba ta taɓa fashi ba. Na ce a raina, wannan raggo ne, matar ce mai himma. Har na ja layi a kan sunansa cikin littafin kira.

Masana suna da suna ga abin da na yi. Lee Ross na jami'ar Stanford ya kira shi, a 1977, babban kuskuren ɗora wa hali laifi. Watau in wani ya yi abin da bai gamshe mu ba, sai mu ce halinsa ne, mu manta da abin da ya kewaye shi. In mu ne muka yi, sai mu ce ai dole ce ta sa. Wani ya makara, malalaci ne. Ni na makara, mota ce ta lalace. Haka aka daɗe ana yi a garin nan tsakanin mutanen gidajen kamfani, masu ruwa da lantarki, da mutanen Bukkoki: na ciki yana cewa na waje ba su da tsabta, bai tambayi nisan da matarsu ke yi kafin ta cika jarka ɗaya ba, na waje yana cewa na ciki girman kai gare su.

Wani abokin aikin dattijon ne ya gyara mini tunani. Ya ce, "Malam, mutumin nan da kake gani, duk shekarun da muka yi tare, motar ma'aikata ba ta taɓa barinsa ba. Shi ke tashe mu." Sai na rasa abin cewa. In ragganci zanen dutse ne, ina ya ɓoye shi shekaru ashirin?

Amsar na same ta cikin wani tsohon bincike da aka koya mana a makarantar horon malamai, wanda a lokacin na ɗauka labarin Turai ne kawai. A ƙasar Ostiriya akwai wani ƙauye mai suna Marienthal, kusa da birnin Biyana, wanda dukansa ya dogara ga masaƙa guda. Aka rufe masaƙar tsakanin 1929 da 1930. Masana uku, Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, tare da abokan aikinsu, suka bi rayuwar ƙauyen, suka wallafa abin da suka gani a 1933. An zaci za a tarad da mutane cikin fushi da yunƙuri. Abin da suka tarar gajiya ce. Sun laɓe a taga da agogo suna auna tafiyar mutane a kan titi, suka ga maza suna tafiya a hankali, suna tsayawa sau da yawa ba dalili, mata kuwa suna wucewa da sauri, domin su girki da wanki da yara ba su rufe ba. Ɗakin karatun ƙauyen ya daina karɓar kuɗin aron littafi, amma aron ya ragu kusan rabi. Lambun shaƙatawa da suke alfahari da shi ya cika da ciyawa, alhali kowa yana da lokacin nome shi. In aka ce wa namiji ya rubuta abin da ya yi jiya, sai ya tuna tashi, da cin abincin rana, da kwanciya, tsakaninsu kuwa ba ya iya faɗin komi.

Sa'an nan suka raba gidajen kashi huɗu: waɗanda ba su karaya ba, waɗanda suka sallama suka daina sa rai, waɗanda suka shiga baƙin ciki, da waɗanda suka saki komi har kula da yara. Kashi na biyu shi ya fi yawa. Mai kallo daga waje zai ce bambancin hali ne. Da aka duba kuɗin da ke shiga kowane gida, sai aka ga rabon yana bin kuɗin: ɗan abin da ya raba gidan da ya tsaya da gidan da ya faɗi bai taka kara ya karya ba. Ni a ganina wannan shi ne abu mafi nauyi cikin binciken duka.

Daga baya Jahoda ta bayyana cewa aiki yana ba mutum abu biyar ban da albashi, waɗanda ba ya sanin yana samu sai ya rasa su. Yana raba masa yini, ya san safe ya san yamma. Yana haɗa shi da mutanen da ba na gidansa ba. Yana sa shi cikin wani buri da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yana ba shi suna da matsayi, a ce wane direba, wane makaniki. Yana kuma tilasta masa motsi kullum. Ranar da aka rufe rami, duka biyar suke tafiya tare. Manomi ko makiyayi, in abu ɗaya ya ɓaci, damina da dabbobi suna nan suna kiransa. A garin da aka gina domin rami ɗaya cikin hamada, ba gona ba kiwo, me zai kira mutum?

Na koma wurin dattijon na ba shi haƙuri. Ban yi masa wa'azin amfanin karatu ba, ya fi ni saninsa. Na ce, "Baba, ina neman wanda zai riƙe mabuɗin aji, ya buɗe kafin la'asar, ya buga ƙarfe, ya kira suna." Ya dube ni ya ce, "Ƙarfe nawa?" Tun daga ranar shi ke riga ni zuwa, har yakan yi mini faɗa in na makara. Kada ku ɗauka magani ne na kowa. Akwai wani da muka ba ajiyar alli da alluna, ya yi sati biyu ya daina, daga baya muka ji ya tafi wajen haƙar zinariya. Kuma mabuɗin aji ba ya cika tukunya. Wannan magana ce ta hukuma da kamfanoni, kuma tun da gwamnati ta mayar da SOMAÏR hannun ƙasa a watan Yuni 2025, mutanen Arlit da Akokan sun zuba ido su ga abin da zai biyo baya wajen aikin yi.

Ku malaman aji, ga abin da za ku tattauna da ɗalibanku wannan sati. Kowa ya tuna mutum ɗaya da ya taɓa kira raggo, ko marowaci, ko mai girman kai, ba tare da ya faɗi sunansa ba, sa'an nan ya faɗi abu biyu da ya sani game da halin da mutumin yake ciki a lokacin. Waɗanda suka iya rubutu su rubuta layi biyar, waɗanda ba su kai ba su faɗa da baki malam ya rubuta. Ku kuma duba littafin kiranku, ku ƙirga sunayen da kuka ja wa layi, ku je gidajensu kafin Juma'a. Ku aiko mana da abin da kuka samo ta hannun mai kula da yaƙi da jahilci na gundumarku, za mu karanta wasu a shiri mai zuwa.

Sai sati na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.