Launi Da Awo: Darasin Da Kyallen Taronmu Ya Koya Mini

 

Da aka ce in yi magana kan sana'ata, sai na ga ba abin da ya fi dacewa in fara da shi kamar laifina. Waɗanda suka halarci taronmu na baya sun ga babban kyallen fileks ɗin da aka rataya a ƙofar zaure, kuma ni na buga shi a shagona. Bajen makarantarmu kore ne, amma ya fito shuɗi-shuɗi, sa'annan da aka zo ɗaura shi a jikin firam, sai ya gaza kaɗan. Na sha ba'a a wajen abokai, na kuwa cancanta. To, yau ga bayanin abin da ya faru, domin da yawa daga cikinku kuna kai irin wannan aiki ana yi muku.

Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa hasken rana haɗin launuka ne, a lokacin muna ta gyangyaɗi. Ashe abincina yake faɗa mini. Fuskar kwamfuta da ta waya da haske suke aiki, suna haɗa ja da kore da shuɗi. Ita kuwa babbar firinta da tawada take aiki, iri huɗu a ƙalla: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai launuka masu walƙiya da fuskar waya take nunawa waɗanda tawada ba ta iya kaiwa gare su, ko wane gwani ne ya riƙe injin. Saboda haka ne kamfanoni irin su Adobe da Apple da Kodak suka kafa ƙungiyar ICC a 1993, aka fito da ma'aunin da ke yi wa kwamfuta da firinta tafinta. Kowace irin leda ko takarda da nata ma'aunin, in ka buga fileks da ma'aunin takardar hoto, launi zai kauce.

Amma ni ba nan cutata take ba. Kan firinta yana da ɗaruruwan 'yan ƙofofi waɗanda suka fi gashi siranta, ta nan tawada ke fesowa. Ƙurar hunturu ta samu, injin kuma ya kwana biyu ba aiki, sai wasu ƙofofin rawaya suka toshe. Kore kuwa ɗan shuɗi ne da rawaya, in rawaya ta yi ƙaranci sai shuɗi ya rinjaya. Gwajin da zai nuna mini haka bai fi minti biyu ba, gaggawa ce ta hana ni. Rigakafi ya fi magani.

Sai maganar awo. Injin yana jan leda daga naɗi ne kaɗan-kaɗan, in jan bai daidaita ba sai tsawo ya ragu ko ya ƙaru, wani lokaci har a ga layuka-layuka a jikin hoto. Maganinsa shi ne a buga layi mai tsawon mita 1, a auna da rula ta ƙarfe. Da na auna nawa, milimita 995 na samu. Za a ce milimita 5 ba komai ba ne, amma a kyalle mai mita 6 ya zama santimita 3, kuma ban bar rarar baki ta naɗewa da ƙofofin igiya ba. Ga lissafin da muka raina a aji uku ya dawo yana karɓar bashinsa.

Ku ma masu kawo aiki kuna da naku. Mutum zai ce ƙafa 10 alhali mita 3 yake nufi, ƙafa 10 kuwa ta fi mita 3 da kusan santimita 5. Ku rubuta awo, ku faɗi wanne ne faɗi, wanne ne tsayi. Haka kuma hoto. Ƙafa 10 inci 120 ke nan. In hotonka ɗigo 1,200 ne a faɗi aka miƙe shi haka, ɗigo 10 kacal zai faɗa a kowane inci, fuskar maigida ta zama kamar an ɗebe ta da cokali. WhatsApp yana matse hoto, don haka ku tura shi a matsayin fayil, ko ku kawo ainihinsa.

Shawarata ta ƙarshe ita ce kada ku amince da abin da kuka gani a fuskar kwamfuta. Ku ce a buga muku ɗan yanki a kan ledar da za a yi aikin da ita, ku bar shi ya bushe, ku fita da shi waje ku duba a hasken rana, domin ƙwan lantarki yana yaudarar ido. Gani ya kori ji. In kun gamsu ku sa hannu, sa'annan a buga babban.

Kyallen da ke bayana yanzu na sake shi ne daga aljihuna, kuma na roƙi malaminmu na lissafi ya auna shi da kansa bayan an tashi. Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya, ya saka musu da alheri.