"Baba, rigarka ta girme ni": jawabi a taron iyaye



Ran Lahadi ina shirin fita sujada, autata ta dube ni ta ce, "Baba, rigar nan taka ta girme ni, sanƙonka kuma har ƙyalli yake yi." Uwarta ta ɗaga hannu, na hana ta, gama yarinyar ba ta yi ƙarya ba.

A al'adarmu irin wannan wasa na jika da kaka ne. Tsakanin ɗa da mahaifi kuwa kunya ce. Amma yaran yau bakinsu a buɗe yake. Idan a tsakar gida ne, mu yi dariya tare. Abin da ke damuna shi ne yaron da ke makarantar kwana a Funtua ko Malumfashi, ya aiko cewa kada uwarsa ta zo ranar ziyara, wai zanenta ya koɗe, ƙafarta ta yi faso, ga tsagar gado a fuska. Nan wasa ya ƙare, raini ya shiga. Ku tuna da yaran Betel da sanƙon annabi Elisha, cikin 2 Sarakuna sura 2.

Dattawa, bulala ba ta maganin wannan. In kun sayar da masara da auduga, ku zaunar da yaron ku yi lissafi tare: kuɗin taki, kuɗin makaranta, kuɗin littattafai. Bari ya gani da idonsa inda kuɗin sabon zanen uwarsa ya tafi.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.