Kiwon Miki Bayan Aikin Diddige

Jama'a, wanda ya faɗo daga itace ko soro ya dira a kan ƙafa, sau da yawa ƙashin diddigensa ke fashewa. Likita ya kan yanka, ya ɗaure ƙashin da ƙarfe. Amma fatar wurin ba kauri, jini kuwa kaɗan ke isa can. Don haka ya kan jira mako 1 ko 2, kumburi ya sauka tukuna.

Mai shan taba ya fi kowa ba ni tsoro. Taba tana matse hanyoyin jini, sai miki ya ƙi haɗewa, ya ruɓe. Haka nan mai ciwon sukari. Kada a kwance bandeji a barbaɗa toka. In mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti ran nan.