Yadda Za Ku Koya wa Yaro Hidimar Kansa



A gidaje da dama akwai yaron da ya kai shekara 5 bai iya sa riga da kansa ba, ko bakinsa bai buɗe ba, ko kuwa da zarar an sauya masa abin da ya saba sai ya faɗi yana kururuwa. Wasu kan ce taurin kai ne, wasu su ce iska ce. Sau da yawa jinkirin bunƙasar ƙwaƙwalwa ne ko larurar galahanga, kuma bulala ba ta ƙara wa irin wannan yaro komai sai tsoro.

Hanyar da masana ke kira horon gyaran ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinku. Tela ba ya miƙa wa sabon almajirinsa shadda ranar farko. Da sa maɓalli yake fara shi. Haka za ku yi. Ku ɗauki aiki ɗaya, misali wanke hannu, ku raba shi gida biyar: ɗaukar buta, jiƙa hannu, sa sabulu, cuɗawa, ɗauraya. Ku kama hannunsa ku yi huɗun farko tare, ku bar masa na ƙarshe. Da ya yi, ku yaba masa nan take da murmushi da sa albarka. Idan ya ƙware, ku sakar masa na huɗu, har ya haɗa duka. Mintoci kaɗan kullum sun fi yini guda a mako.

Game da kururuwa, ku lura da abin da ya faru kafinta da abin da ya biyo baya. Idan duk lokacin da ya yi birgima a bakin shago a kasuwar Mokolo aka saya masa alewa, ya koyi cewa kuka ne kuɗin alewa. Ku koya masa nuni da yatsa ko faɗin kalma ɗaya, ku ba shi sa'ad da ya yi hakan. Uwa da uba da kaka da yayye duk su bi tsari ɗaya.

Ku kuma kai shi likita ya duba shi, musamman jinsa, domin wani jinkirin maganar daga kunne yake. A nan Yawunde akwai asibitin uwa da yaro na Gidauniyar Chantal Biya, da cibiyar kula da masu naƙasa ta Cardinal Léger a Etoug-Ebé. Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta kare haƙƙin masu naƙasa, har da neman ilimi, don haka kada ku kulle yaro a ɗaki saboda kunyar maƙwabta.

Ku zaɓi aikin farko yau, ku fara gobe da safe. Allah Ya raya mana zuri'a.